Makullin Ɗakin Villeurbanne

"Ba kai ne mai haƙƙin ba, Malam Ilya," in ji lauyar, Madam Odile, tana tura masa takardun. "Haƙƙin 'yarka ne. Ta kai shekarun girma, ita za ta nema da bakinta."

Ilya ya cire hula, ya mayar. Ya baro aikin gadinsa a unguwar Goutte d'Or ta Paris ne don kada maganar ta kai ga yarinyar.

Kafin mahaifin su Ilya ya rasu, ya sa ɗakinsa na Villeurbanne, a gefen birnin Lyon, a amana, a rubuce: duk jikan da ya samu karatu a Lyon ya zauna ciki har ya gama. Babban ɗa, Alhaji Rachidou, shi ke riƙe da amanar. Ga Shamsiya, 'yar farin Ilya, ta samu jami'a, ranar Litinin za a shiga aji, ɗakin kuwa maƙare yake da dilolin shaddar Alhaji.

"Kai ka tambaye shi?"

"Ina kiransa kullum."

"Me yake cewa?"

Ilya ya rasa yadda zai faɗa da Faransanci. Yakan fara da gaisuwa: ya gida, ya Hajiya, ya ciwon ƙafa, ya kasuwa. Kafin ya iso kan magana, sai Alhaji ya ce, "Madalla, a gaida yara," ya kashe waya.

"Wana ne, Madam. Shi ya goye ni."

"Doka ba ruwanta da goyo. In ya hana ta, tana iya kai shi kotu."

Asabar shi da Shamsiya suka hau bas a Paris. Har Lyon Ilya bai ci komai ba. Shi ya koya wa yarinyar nan kada ta haɗa ido da babba, kada ta fara magana sai an tambaye ta. Yanzu ita doka ke jira ta buɗe baki.

Suka tsaya a ƙofar benen da ɗakin yake ciki, akwatinta a tsakaninsu.

"Ke," ya ce, don bai taɓa kiran sunanta ba. "In ba za ki iya ba, mu juya. Karatu akwai baɗi."

"Baɗin ma shaddar tana nan, Abba. Ba ni wayar."

Ya danna lambar, ya miƙa mata. Ta rusuna a gefen titi kamar Alhaji na gabanta. Ta tambayi gida, ta tambayi Hajiya, ta tambayi ƙafa. Ilya ya jiyo muryar wansa daga nesa: "Madalla, a gaida..."

"Baba Alhaji, ban gama ba," ta ce a hankali. "Ina ƙofar ɗakin Kaka. Makulli na zo karɓa."

Ilya ya ɗauki akwatin, ya matsa can wajen tashar jirgin taram na cikin gari, inda ba zai ji amsar ba. Amma bai ce ta kashe ba.