Yaɓen Bangon Aji Biyu

Shitu yana kan tsani, laka har gwiwar hannu, lokacin da ya kai inda tsagar ta fi faɗi. Ya dunƙula laka ya tura, ta shige. Ya ƙara wata, ita ma ta bi ta. Sai da bangon ya haɗiye kwando uku kafin bakinsa ya toshe.

"Wanga bango da yunwa yake," in ji shi. "Bello, miƙo wata."

Gayya ce suka yi ran Talata, maza kusan ashirin, wasu na haƙar ƙasa, wasu na kwaɓi da ƙafa. Makarantar firamare ta Tungar Ƙirya, kan hanyar Gwashi, ɗaki biyu ce ta bulo da kwano. Wani ɗan kwangila ne ya gina ta shekara huɗu da suka wuce, lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga boko. Da ruwan farko na bana bangon gabas ya tsage tun daga sama har ƙasa. Hedimasta Malam Hayatu ya fitar da yara, ya sa kwaɗo. Sun yi 'yan kwanaki a gindin tsamiya, ruwa na korarsu, har iyaye suka ce makarantar da ba ta da ɗaki ba makaranta ba ce, ga gona tana jiran hannu. Aka kwashe yaran. Yau kwana ashirin da shida.

A cikin kwanakin nan ne Malam Hayatu ya kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gajarce. Sau biyu ana kai shi asibiti ana dawowa da shi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Shitu, kuma Shitun ne ya gina ta. Shi magini ne, ɗan magini, bai san baƙin boko ko ɗaya ba. Amma shekara huɗu ke nan tun da aka turo Malam daga Anka suna cin tuwo a akushi ɗaya, suna gardama kan komai. Shi ya kira gayyar nan, bai gaya wa Malam ba. Ɗaya malamin makarantar, Malam Surajo, ya tafi ofishin ilimi da takardar koke ta huɗu a kan tsagar, don haka babu wanda za a tambaya. So yake kawai wata safiya Malam ya ji hayaniyar yara ta tashe shi.

Bayan la'asar ya wanke jiki ya shiga gidan. Dija, matar Malam, tana tsince gero a ƙofar ɗaki.

"Shigo, Baban Hure. Tun ɗazu yake cigiyarka."

Malam yana jingine da filo biyu. Ɗakinsa yana bayan gida, ba a hango makaranta daga ciki, sai dai a ji ta.

"Sarkin magina. Hayaniyar mi nij ji da sahe?"

"Hanyar rijiya anka gyara."

"Ho. Ni har na zaci yara na." Ya ja numfashi da ƙyar. "Ka san da can kullum sai na bugi ƙarfe in ce su yi shiru? Ashe ni ba ni da hankali. Yanzu da hantsi ya yi sai in kasa kunne. Ba ka jin komi sai awakinka."

"Awakina ma suna karatu, Malam. Harahi guda sunka iya."

Malam ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "Surajo ya aiko. Jibi suhweto zai zo da kanshi. Takarda huɗu ba su ji ba, to ido zai gani. So nike ya sa hannu cikin tsagar nan har kafaɗa. In ya gani, dole su sa mu cikin na gyara."

Shitu ya dubi faratansa. Akwai sauran jar ƙasa a ƙarƙashinsu.

"Ka yi shiru."

"Gajiya ta, Malam."

Washegari da sassafe ya ɗauki tsohuwar fartanya ya nufi makaranta, da niyyar kankare abin da ya yi. Ya tarar mata sun riga shi. Goggo Marka, wadda jikokinta uku ke aji ɗaya, ta tara su da ƙwarya-ƙwarya na farar ƙasa, suna shafe bangon da tsumma kamar yadda ake yi wa ɗakin amarya. Inda tsagar take ko alama babu. Bangon ya yi fari tas, ya fi ranar da aka gina shi kyau.

"Shitu, Allah shi yi ma albarka," in ji Goggo Marka. "Hannun ubanka ka ɗauko. Ina za ka da hauya?"

"Gona, Goggo."

Ya wuce gonar kuwa. Yana noma yana yi wa kansa shari'a. Bangon ƙasa in ya tsage, ka cika shi da ɗanyar laka, sabuwa ta kama tsohuwa su zama abu ɗaya. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, babu ɗakin da ya taɓa faɗa wa kowa. Wannan ita ce hujjarsa. Amma ya tuna yadda lakar ta riƙa shigewa jiya ba ta kama komai ba, ya tuna yadda bulon ke marmashewa a hannu kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Ya san tsagar daga ƙasa ta taso, harsashin ne ke nutsewa. Tun yana kan tsani ya sani. Abin da ya kasa ganewa shi ne ko ya manta ne, ko kuwa ya ƙi tunawa don yana son ganin fuskar Malam ranar da yara za su dawo. Har rana ta faɗi bai yanke ba, bai kuma koma wurin bangon ba.

Ran Alhamis da hantsi sufeto ya iso a babur, Malam Surajo a bayansa, wandunansu jiƙe da ruwan rafi. Surajo ya sauka ya yi gaba da sauri yana cewa, "Ga ta nan, ranka ya daɗe, ta wannan gefen." Sai ya tsaya cak.

Sufeto ya zagaya ginin. Ya shiga ciki ya fito. Mutum ne mai furfura a gemu, da gajiya a idonsa, ba mugu ba.

"Malam Surajo, wannan ne bangon da ke shirin kashe yara?"

"Wallahi da na tafi hannu na shiga. Wa ya yi wannan?"

Shitu ya matso ya durƙusa. "Ni na, ranka shi daɗe. Laka ce kawai. Bari in hwasa ka gani."

"Ka fasa ginin gwamnati a gabana?" Sufeto ya buɗe jakarsa. "Makaranta goma sha ɗaya gare ni da iska ta yaye wa kwano, yara na zaune rana na dukansu. Abin da aka ware na gyara bana na makaranta huɗu ne kawai. Abin da idona ya gani nake rubutawa. In na rubuta abin da aka ba ni labari, kowane gari yana da labari."

"Minti biyar, ranka ya daɗe," in ji Surajo.

"Rafi na cika, ina da makaranta biyu a gaba. Ran Litinin a buɗe. Wata guda babu karatu, kai da hedimasta za ku amsa takarda a kai. A gaishe shi, Allah ya ba shi lafiya."

Da ƙarar babur ta ɓace, Surajo ya juyo. Saurayi ne, Shitu ya isa ya haife shi, don haka bai ɗaga murya ba.

"Baba Shitu, da ka jira ni kwana biyu."

Shitu bai shiga wurin Malam ba sai bayan sallar Juma'a. Ya tarar an kwantar da shi a tabarma, gadon ya dame shi. Ya zauna a gefen ƙafafunsa ya faɗa masa komai, har da fartanyar da ya ɗauka ya wuce da ita gona.

Malam ya daɗe idonsa a rufe. Shitu ya zaci barci ne.

"Ya yi kyau?"

"Na'am?"

"Yaɓen. Ya yi kyau?"

"Ya yi kyau, Malam."

"Ai na sani. Kai ba ka aikin banza. Da ka iya mugun aiki kamar ɗan kwangila, da suhweto ya gane." Gefen bakinsa ya motsa. Ya nemi ruwa, Dija ta ba shi a ludayi ta koma waje. "Hure ɗiyarka, ka san inda take zama?"

"Ban sani ba."

"Benci na ukku, jikin bangon gabas. Ita da Iyatu ta gidan Bello. Litinin za ka turo ta?"

Shitu ya sunkuyar da kai.

"To," in ji Malam.

"In na hwasa, Malam, ba a buɗewa. Bana ta wuce. Ɗiyan nan sun tahi gona ke nan, wasu ba su dawowa. Kai kuma…" Ya kasa ƙarasawa.

"Ni kuma ba ni jin su. Hwaɗi, ai gaskiya ta."

"Ka ce min abin da zan yi."

"Ba ni cewa." Malam ya buɗe ido yana kallon azarar rufi. "Ka ga in anka ce Litinin, ina jin zan iya kaiwa. Zan riƙe. Tun da kaz zo da maganar nan zuciyata ke ce min bangon zai kai kaka, wata ukku na kawai. Ƙila ma gaskiya take hwaɗi. Amma na san dalilin da ya sa take hwaɗin haka. Mutumin da ke son abu kamar yadda nike son wanga, ba a tambayarshi shawara. Kai ne magini."

Ran Asabar bayan sallar asuba, gari ya yi haske, Shitu ya jingina tsani. Ya fara daga sama. Farar ƙasa ta fara zubowa, sannan jar laka, gutsure-gutsure. Ƙarar fartanya a kan bulo tana da kaifi, kwanon rufin kuma yana amsawa, don haka babu gidan da bai ji ba. Mutane suka taru. Bello ya zo da buta a hannu.

"Shitu, aikin mutum ashirin hwa. Lahiyarka?"

"Ku tsaya nesa."

Goggo Marka ta tsaya da hannu a haɓa. Da ya kai tsakiya, wani babban ɓangare ya ɓalle gaba ɗaya, ya tafi da rabin bulo. Tsagar ta fito, ta fi yadda ya same ta ran Talata faɗi. Ta cikinta ana hango allo da layin bencina. Bello ya matso, ya sa hannu, ya shiga har kafaɗa. Ya zaro shi a hankali, ya goge a riga, ya koma baya.

Shitu ya ci gaba har ƙasa. Bai bar ko tafin hannu ba. Yana ajiye fartanya ya ji kukan Dija ta bayan katanga.

Bayan azahar aka kai Malam. Shitu ne ya shiga kabarin ya jera itace, shi ya kwaɓa lakar da aka toshe tsakaninsu. Da suka dawo, Dija ta sa aka kira shi ƙofar tsakar gida, ta yi magana ta bayan zana.

"Baban Hure, ya ji ka. Ya ce min ƙarar mi ta, na ce kai ne kake hwashin bango. Sai ya ce in daina daka, in bar shi ya saurara. Yana ta saurare. Da ka ɗan tsaya sai ya ce, ya gaji ne ko? Da ka ci gaba sai ya ce yawwa."

"Bai ce komi ba kuma?"

"Bai ƙara ba."

Ran Litinin maza suna zaune a zauren Malam ana karɓar gaisuwa. Labarin buɗe makaranta ya riga ya kai rugage da ƙauyukan gefe, labarin fasa bango bai kai ba. Sai ga yara bakwai sun ɓullo ta hanyar rafi, rigunan makaranta a wanke, wasu sun yi musu kaɗan. Suka tsaya gaban kwaɗon. Malam Surajo ya tashi daga cikin masu makoki, ya dubi sama inda hadari ke haɗuwa, ya dubi Shitu.

"Zaurena a buɗe yake," in ji Shitu. "Ka kori awakin. Ka ce wa Hure ta hito."

Surajo ya tattara su ya shige da su. Jim kaɗan muryoyinsu suka fara tasowa ta kan katanga, ƙanana, ba su kai su cika ko zauren ba. Masu gaisuwa suka rage murya. Wani tsoho ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ya dakata, ya bari suka kai ƙarshen layi tukuna.

Sannan ruwa ya sauko. Daga inda Shitu ke zaune yana hango makarantar ta ƙofar zaure. Ruwan kwano yana zuba a kan tarin yaɓen da ke gindin bango, yana narkar da shi. Wani siririn ruwa fari kamar nono ya ɓallo daga tarin, ya ratsa filin, ya bi sawun babur yana gangarowa a hankali. Kafin ya iso ƙofar gidan Malam ya gauraye da sauran ruwan hanya.