Kaza Ta Fi Samun Kulawa

"Yaya, ita ma kazar daga bisa amalanke ta faɗo?"

Hamdiya ce ta yi tambayar, ɗiyata mai shekara shida, tana kwance bisa tabarma da hannunta na hagu cikin ɗori. Yaya take ce mani don 'yar fari ce. A ƙauyenmu, nan kusa da Gazawa, uwa ba ta nuna ta damu da 'yar fari, balle ta kama sunanta. Ni ga shi na rubuta, mai dariya ya yi.

Malam Hambali mai ɗori, wanda yanzun nan ya ɓalla ƙafar farar kazata da hannunshi, ya yi gyaran murya.

"A'a, yarinya. Ciwonki ta ɗauka. Ranar da ta taka, ke ma kin warke."

"To ai ni hannu na karya."

"Kaza tana da hannu ne?" in ji Gwaggo Hasiya, uwar maigidana. "Rufe mana baki, sarauniyar surutu."

Da hantsin ranar ne Hamdiya ta zamo daga amalanken da ya kwaso gyaɗa daga gona. Hannun ya lanƙwashe tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Na ce a tafi gidan likita. Gwaggo ta ce ƙashi ba aikin likita ba ne, su ba su san komai ba sai yanka. Maigida yana Najeriya wajen fatauci, wayarshi ba ta shiga. Haka aka kira Malam Hambali. Ya ja hannun, ya tofa, ya jera kara, ya naɗe da tsumma, ya ja igiya har da dafa ƙasa da ƙafa kamar mai ɗaure damin gero. Sannan ya yi wa kazar nata ɗorin, ya kafa doka: kar a taɓa ɗorin yarinya sai kaza ta taka. In ta taka kuma, kazar tashi ce.

Tun da aka ƙyanƙyashe kazar nan ba ta taɓa ganin gata irin na ranar ba. Gwaggo ta sa aka kafa mata inuwa da zana. Aka surfa mata gero, aka sa mata ruwa a kwanon sha na maigida. 'Yan dubiya suna shigowa da "ya mai jiki?", idonsu na kan kaza.

"Da sauƙi," in ji Gwaggo. "Kun ga yadda take tsattsaga?"

Washegari da safe yatsun Hamdiya sun kumbura sun yi suntum. Farcenta ya koma launin toka. Na taɓa, sanyi kamar gindin randa. Na ce ta motsa su, ta kasa. Kukan ma ya ƙare mata, sai nishi.

"Gwaggo, ki dubi yatsun nan."

"Ƙashi ne ke kamawa. Ke Zulai, ina kunyarki? 'Yar fari kike shafawa gaban mutane? A zamaninmu ko wuta ta faɗa, sai dai uwa ta kau da kai."

Na je inuwar zana na ɗauko kazar, na zura ɗan yatsana ƙarƙashin ɗorinta. Ya shige salin-alin, har da wurin juyawa. Na koma na gwada na Hamdiya. Ko tsinken tsintsiya ba zai shiga ba.

Ana cikin haka Malam Hambali ya yi sallama, ya zo duba aikinshi. Wajen kazar ya fara nufa. Ya ɗaga ta, ya jinjina nauyinta, ya yi murmushi.

"Madalla. Yarinya na samun lafiya."

"Malam, ga yarinyar can ai, bayanka."

"Na gan ta a nan."

Na durƙusa yadda ya kamata, na sassauta murya. "Allah ya gafarta Malam, tambaya gare ni irin ta jahilai. Me ya sa ɗorin kaza ya yi sako-sako?"

Ya yi dariya, ya dubi Gwaggo, wai ga yarinya na neman ilimi. "Ke ba ki sani ba? Ƙafar kaza in ka matse ta, jini ba ya gudu. Kwana biyu sai ta yi baƙi, ta bushe, ta guntule."

"Ashe ka sani," na ce.

Daga nan ban ƙara jin abin da aka ce ba, ko da yake an ce da yawa. Na goya ɗiyata da zane, na tallafe hannun bisa kafaɗata, na fita da takalmi ƙafa ɗaya nawa, ɗaya na Gwaggo. Gwaggo tana biye da ni har ƙofar gida tana cewa in aka kwance ɗorin yarinya, kaza za ta gurgunce. Bakin hanya na tare kabu-kabu.

A gidan likita majo, babban ma'aikacin wurin, bai tsaya tambayar katin kowa ba. Ya sa almakashi ya yanke igiyar. Fatar duk ta yi bororo, shatin kowane kara ya fito. Ya riƙe yatsun yana kallo har launi ya fara dawowa.

"Wa ya ɗaure wannan, mai akuya?"

"Mai kaza."

"Da kin kai gobe, da sai dai mu yi maganar yankewa."

Ya tallafe hannun da katako mai laushin auduga, ya tura mu babban gidan likita na garin Agiye. Can aka ɗauki hoton ƙashin, aka gyara shi, aka sa farin ɗaurin nan mai tauri, aka bar mashi tsaga don kumburi. Kwana huɗu muka yi. Hannun ya tsira. Ƙaramin yatsanta ne har yau ba ya lanƙwashewa sosai, da shi take nuna allo a lakol, wato makarantar boko.

Kaza kuwa ta taka cikin sati uku. Malam Hambali ya zo ya saɓe ta a hammata, kuma na ji ranar kasuwa yana ba da labarin yadda ya warkar da jikar Hasiya. Gwaggo ta yarda da shi. Abin da ba ta yafe mani ba shi ne takalminta.

To, ke mai karanta wannan, ko kai: in aka yi wa ɗanku ɗori, ku duba yatsunshi kowane lokaci. In sun kumbura, sun yi sanyi, sun sake launi, ko ya kasa motsa su, ko ciwon na ƙaruwa, kar ku jira maigida, kar ku jira kaza. Ku kai shi likita a take. Kunya ba ta mayar da hannun da aka yanke.