Tanki Marar Yashi

A ɗakin jira na asibitin ido maigidana ya kwaso wannan lalura. Muna zaune muna jiran layi, sai ga mutum biyu sun shigo da tiyo da bokitai, suka nufi wani ƙaton tankin gilashi da ke jikin bango, cike da ruwan gishiri da murjani mai rai irin na teku da ƙananan kifaye masu launi. Ɗaya ya taka kujera ya cusa bakin tiyo cikin farin yashin da ke gindin tankin yana zuƙe datti, ɗayan yana ƙasa riƙe da bokiti, suna ta hirarsu. Maigidan ya ƙura musu ido har aka kira shi bai ji ba. A hanyar gida ya ce min ya tambaye su, sun ce duk mako suke zuwa, kuma aikin ba ya yiwuwa da mutum ɗaya.

Nan take na gane inda ya dosa. Mutumin da ko kyanwa bai taɓa ajiyewa ba, ina shi ina kifi? Autanmu yake so. Yaron nan gari ɗaya muke, amma sai wata ya kama ya mutu ba mu ga ƙeyarsa ba. Ba shi da rowa, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Firji da waya da kujerar tausa duk ya aiko, aikowa dai. Shi kuwa uban, tun da ya ajiye tuƙin motar kamfani yake zaman kashe wando, kuma girman kai ba zai bar shi ya ce wa ɗansa zo in gan ka ba. Sai ya buga masa waya ya ce tankin murjani yake sha'awa. 

Auta ya zo da kansa ya kai mu shagon da ake sayar da tankunan kifi. Maigidan ya sa rigarsa mai guga, ya hakimce a gaban mota yana gyara masa tuƙi, baki har kunne.

Mai shagon ya buɗe mana buhuna biyu: yashi mai laushi kamar gari, da wani mai tsakuwa na fasasshen murjani. Ya ce mai laushin yana tashi ya rufe murjani in ruwa ya yi ƙarfi, mai tsakuwar kuma yana ɓoye datti. Kowanne muka ɗauka, sai an zuƙe shi duk mako an canza ruwa. Maigidan ya nutsa hannu cikin mai laushin, yashin yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Wannan za mu ɗauka," ya ce, yana satar kallon ɗansa. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni in riƙe bokiti, kai ka taka kujera."

Auta ya yi dariya, ya juya ya tambayi mai shagon ko babu yadda za a yi a hutar da tsoho. Mai shagon ya ce akwai mana. Mutane da yawa yanzu ba sa zuba komai a gindin tanki, gilashi ne tsura, famfo mai ƙarfi ya kwashe dattin ya kai wa injin tacewa. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ga injin da ke ƙara ruwa da kansa, ga mai zuba abinci a kan lokaci, ga fitilar da ke kunna kanta ta kashe kanta, kuma duk ana juya su daga waya. Duk wanda ya nuna sai Auta ya ce a sa. Na tsani mutumin nan a ranar, alhali bai yi komai ba sai sana'arsa.

Maigidan ya ce a hankali ai tanki ba yashi kamar ɗaki ne ba shimfiɗa.

"Baba, so nake ka zauna ka yi kallo kawai," in ji Auta. "Ba sai kowa ya wahala ba. Ko ni ba sai na riƙa zuwa ba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana jiran a sa masa albarka. Uban ya zare hannunsa daga buhun ya karkaɗe, ya sa masa albarkar.

Ma'aikatan shagon ne suka zo suka haɗa komai a falo. Abin haushi, tankin ya yi kyau. Na so wani abu ya lalace, Allah Ya gani, amma murjanin nan sai ƙiba yake, kifayen ko mura. Maigidan kan tashi da safe ya ɗauki tsumma ya goge gilashin da ba shi da ƙura, ya koma kujerar tausa ya zauna. Bokitin da ya saya tun kafin mu je shago, ni na mayar da shi na wanki.

Wata rana da la'asar yana tsaye gaban tankin da tsummansa, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya ga Auta ne, ya ƙara murya don in ji, yana yi min alama da hannu in matso. Suka gaisa. Auta ya ce yana ofis da abokan aikinsa, yana ganin falonmu yanzu haka ta wata 'yar kyamara da ma'aikatan suka maƙala a saman firji tana kallon tankin. Maigidan ya waiga ya nemo ta, ya miƙe ƙirji, ya gyara wuyan riga, ya ɗaga mata hannu kamar mai tare mota. Ya tambaye shi ko yana ganinsa sosai.

"Ina ganinka, Baba," in ji Auta. "Ɗan matsa gefe kaɗan, so nake in nuna musu murjanin, ka tare."

Ya matsa.