Kore a Takarda

Zakiru Maitama ne ya kashe Desmond, ko da yake ko yatsa bai ɗora masa ba.

Ran Talata da safe Monday mai walda ya shiga biron Zakiru, wato ofishinsa, a yadin katako na Owendo da ke Gabon, da tef ɗin awo a hannunsa. Zakiru shi ne injiniyan da ke sa hannu kafin a ɗaga komai.

"Shef, bakin ƙugiyar injin ɗaga kaya ya buɗe. Ɗigo biyun da na buga mata bara sun ƙara nisa da faɗin yatsa. Akwai kuma 'yar tsaga a cikinta."

"Baba Monday, kai da tef ɗinka na tela."

"Telan ne dai ya gani. Tambayi kwamfutarka."

Zakiru ya tambaye ta. Ya zana ƙugiyar, ya sa tsagar a wurinta, ya rataya mata nauyin gungumen icen okume, tan takwas. Aikin manhajar shi ne ta nuna inda ƙarfe zai lanƙwashe ya ƙi komawa yadda yake. Wuri mai lafiya kore, wurin da ya gaji ja. Da ta gama lissafi, cikin ƙugiyar ya yi jajawur, jan ya bi tsagar.

"To, wannan jan fa?" in ji Monday.

"Koma bakin aikinka. Ban gama ba."

Ya gama sarai. Abin da ya hana shi faɗa shi ne, ran Asabar a gaban mai yadin ya rantse ƙugiyar za ta kai Disamba, Monday ya musa, shi kuma ya ce wanda bai gama firamare ba ba zai koya masa ƙarfe ba. Yanzu sai ya je ya ce mai walda ya fi shi gaskiya?

Bai taɓa lissafin ba. Ma'aunin launi kawai ya ja sama, yadda ja ba zai fara ba sai an kai adadin da babu ƙarfen da ke kaiwa. Ƙugiya ta koma kore shar. Ya buga takarda, ya sa hannu, ya danna hatimi.

Desmond, mutumin Kafancan da ke ɗaura wa gumagumai sarƙa, shi ya zo karɓa. Ya ɗaga takardar yana dariya.

"Baba Monday, ka ga budurwarka? Ta fi ni lafiya."

"Ɗana, kada ka tsaya ƙarƙashinta."

"Aikina a ƙarƙashinta yake, Baba. Ko in ɗaura daga unguwarmu Lalala?"

Gungume na bakwai, wajen ƙarfe uku na rana, bakin ƙugiyar ya miƙe a hankali, sarƙa ta sulluɓe, gungumen ya faɗo. Desmond bai ko yi ihu ba.

Matarsa Keziah ta baro teburin tumatir ɗinta a Lalala, ta shigo taksi da zanen kasuwa. Ba ta yi kuka a yadin ba. Ta tsaya gaban Zakiru ta ce, "Shef, da rana ya kira ni, ya ce kai ka duba, Baba Monday ne mai tsoro." Zakiru ya miƙa wa jandarman da ya zo bincike takardarsa, ya ce ƙaddara ce, kwamfuta ma ba ta gani ba.

Kotu ta kira wata injiniya, Hadidja, ta karanta takardar. Ba ta kalli hoton ba. Ta ɗora farce a kan ƙananan lambobin da ke gefe, waɗanda Zakiru bai iya rinawa ba, ta ce sun wuce ƙarfin ƙarfen nesa ba kusa ba. Ta ce kwamfuta ta faɗi gaskiya tun ƙarfe tara da kwata na safe.

Monday bai ƙara riƙe tef ba. Keziah ta koma Kafancan da 'ya'ya uku.

An soke takardar aikin Zakiru Maitama, an ɗaure shi shekara huɗu, in ya fito a kore shi daga Gabon.