Bencin Horo

Baba Ɗanboyi yana tsugune a tsakar gida yana goge takalminsa na zuwa coci sa'ad da ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofa. Bai ɗaga kai ba, don ya san ko wace ce. Salomi ce, 'yarsa ta fari, ta taso daga Maiduguri tun jiya, wahalar mai ta sa motarsu ta kwana a hanya. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi gajiya, amma bai tambayi mijinta George ba, domin George yana nan Azare gidan ubansa tun shekaranjiya, an kirawo shi an zaunar kamar ɗan firamare.

Maganar da ta kawo ta ba ɓoyayya ba ce, duk ekklisiya, wato jama'ar coci, ta sani. Shekara guda ke nan da aurenta, amma takardun binciken da take bugawa har yanzu da sunan Dakta S. Ɗanboyi suke fitowa. Surukinta, Hedimasta Alfred, ya tsinci wata mujalla a ɗakin ɗansa, ya duba sama ya duba ƙasa bai ga sunan gidansa ba, sai ya kai ƙara gaban dattawan coci. Abu biyu ya ajiye musu. Ko dai ta buga canjin suna a jarida ta koma Misis Alfred a ko'ina, ko kuwa a sa ta horo, ta koma bencin baya na bakin ƙofa inda masu laifi suke zama, ba cin jibin Ubangiji tare da masu bi, ba tsayawa gaban jama'a, sai ta tuba. Yau bayan sujadar safe za a zauna, kuma Baba Ɗanboyi yana cikin dattawan da za su yanke maganar.

To, shi dai mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a ma'aikatar ruwa ta Azare yana fama da injin da ba ya jin magana. Turancinsa na karanta takardar albashi ne. Ka ba shi takardar Salomi ya riƙe ta a juye ma ba zai sani ba. Amma ya san abin da take nema, domin a cikin ɗakinsa aka fara. Ɗansa namiji tilo, Yunis, ƙyanda ta ɗauke shi yana wata bakwai, tun bai kai lokacin allura ba. Salomi tana aji biyar a lokacin. Da ta girma ta karanci ilimin garkuwar jiki, sai ta kama tambaya ɗaya ta ƙi saki: kariyar da uwa take ba jariri tun yana ciki, yaushe take ƙarewa, kuma me ya sa ta wasu yaran take ƙarewa da wuri? Shi ya riƙa goya ta a tsohon babur ɗinsa zuwa Chinade da Giade, akwatin ƙanƙara ɗaure a baya, yana lallashin iyaye mata da guntun Fulatancinsa su yarda a ɗebi ɗigon jini a ƙafar jarirai.

Da takardun suka fara fita, ba a ji komai ba. Can sai katuna suka fara zuwa gidan waya daga Suwidin, daga Indiya, daga ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba, masana suna roƙon a aiko musu da kwafe. 'Yan'uwansa da suka ce sunansa ya mutu ranar da aka binne Yunis, sai da ya tabbata kowannensu ya ji labari. A shagon abokinsa Alhaji Ya'u kuwa, ba a isa a sayi sabulu a gabansa ba sai an ji yadda Turawa suke karanta sunan Ɗanboyi. Yana alfahari, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Matarsa Roseline ta kawo shayi ta ajiye, idanunta sun kumbura. Ita ce shugabar zumuntar mata ta coci, ta kuma riga ta faɗa cewa ranar da ta ga 'yarta a bencin nan, ranar za ta daina zuwa coci.

Salomi ta sha shayin kaɗan, sannan ta yi wa ubanta bayani a hankali, yadda take yi wa ɗalibai. Akwai wasu manyan littattafai a ɗakin karatu na jami'a, rubutunsu ƙanana kamar tururuwa. Duk masanin da wani ya dogara da aikinsa, ana jera sunansa a ciki, a ƙarƙashinsa kuma a jera waɗanda suka ambace shi. Da wannan ake auna mai bincike, da shi ake duba wanda ya isa zama farfesa. A ƙarƙashin Ɗanboyi S. yanzu akwai mutum fiye da ɗari biyu. In ta koma Alfred S., za a buɗe mata sabon wuri fayau, kuma babu wanda zai zauna ya haɗa biyun. Wanda ya karanta ta a Indiya zai ɗauka waccan ta mutu, wannan kuma baƙuwa ce. Aikin shekara goma zai tsaya a inda yake.

"Amma na yi shawara, Baba," in ji ta. "Zan canja. Ba zan sa Mama ta ji kunya ba, kuma ba zan sa ka zauna ka yanke wa 'yarka horo ba."

Ya ce ai suna ne kawai. Da bakinsa ya faɗa, ya kuma ji ɗacinsa har maƙogwaro. Me zai ce? Shi dattijo ne, an san shi da tsayawa kan al'ada, mace ta yi aure ta bi gidan miji da sunanta da komai. In ya buɗe baki ya kare ta, kowa zai ce kwaɗayin yabo ne, kuma abin haushin shi ne ba za su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ya sa takalminsa ya fita ba tare da ya ƙarasa shayin ba.

Wa'azin safiyar nan bai ji ko kalma ɗaya ba. Bayan an tashi, dattawa suka shiga ƙaramin ɗakin bayan bagade, zafin bazara ya cika shi kamar tanderu. Fasto ya yi addu'a, ya ba Hedimasta Alfred dama.

A gaskiya Hedimasta ba mugun mutum ba ne. Rabin ma'aikatan Katagum ta hannunsa suka bi, kuma ya iya magana. Ya ce duk abin da al'ada ta nema a wajen auren nan ya yi, bai rage ko tsintsiya ba. Ya ce yana son surukarsa, yana jin daɗin iliminta, amma ya gaji da mutane suna tambayarsa a kasuwa ko ɗansa ne ya yi aure ko kuwa shi aka aura. Sannan ya gyara tabarau, ya ce akwai iyayen da in sun aurar da 'ya sukan manta su sake ta, musamman in tana kawo musu suna. Bai kalli kowa ba, amma kowa ya kalli Baba Ɗanboyi.

Fasto ya juya ga George, ya tambaye shi ko shi ne ya umarci matarsa ta canja. George ya kalli siminti. Ya ce shi dai bai taɓa ce mata ta canja ba, bai kuma ce kada ta canja ba, duk yadda manya suka gani daidai ne. Ubansa ya yi tsaki. Ko Fasto sai da ya sosa ƙeya.

Aka ce Salomi ta tashi. Ta miƙe, ta haɗa hannuwa a gaba, kanta a ƙasa. Baba Ɗanboyi ya dube ta, matar da ta tsaya gaban masanan duniya ta yi magana suka tafa mata, ga ta tana shirin ba da haƙuri a kan abin da ta gina da hannunta. Ya tuna ta a bayan babur, rana tana dukanta, ta rungume akwatin ƙanƙara don kada jinin jariran ya lalace. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma kansa ya fi ba shi haushi.

"Ina so in ce na yarda…" ta fara.

"Salomi."

Ta tsaya. Baba Ɗanboyi bai ɗaga murya ba, bai ma tashi daga kujera ba.

"Na hana ki. A gaban Fasto da dattawa, ni ubanki na hana ki taɓa sunan nan a kan takardunki. A coci Misis Alfred ce ke, a kasuwa haka, 'ya'yanki ma Alfred za su amsa. Amma wanda ke cikin littafin can, ki bar shi inda yake."

Ya juya ga Fasto ya ce, to, an ji dai da kunne: mijinta bai umarce ta ba, ita kuma ta zo da niyyar yin biyayya, shi ne ya tare ta. In akwai mai taurin kai a ɗakin nan, ga shi zaune. A bar yarinya ta koma bakin aikinta.

"Surukina," in ji Hedimasta, "ashe dai abin da na faɗa gaskiya ne. Yabon kake so."

"Ina so, Hedimasta. Ƙarya zan yi in ce ba na so. Amma ko sunan wani ne a kai, ba zan bari a goge ba. Ni na ga yadda aka yi aikin nan."

Aka fitar da iyalan biyu, sauran dattawa suka tattauna. Ba su daɗe ba, domin hanya ɗaya ya bar musu. Salomi ba ta da laifin da za a kama. Amma dattijon da ya shiga tsakanin 'yarsa da gidan aurenta a gaban majalisa, ya kuma ƙi janyewa, ba zai ci gaba da zama a kujerar hukunci ba. Fasto ya roƙe shi har sau biyu ya sake tunani. Ya ce ya gode, ya riga ya yi. Aka sauke shi daga dattijo, aka ba shi horon wata uku.

A hanyar gida Salomi tana kuka, tana cewa shekara ashirin yana kan kujerar nan. Ya ce mata ta share ido mutane suna kallo, ta kuma yi sauri ta ci abinci kada motar yamma ta bar ta, ɗalibai suna jiranta gobe. A gida, da ya buɗe kwanonsa ya tarar duk naman miyar a nasa Roseline ta zuba.

Da yamma ya ciro babbar rigarsa ta Kirsimeti, wadda ba ta fita sai sau ɗaya a shekara, ya sa hula, ya tafi sujada. Ya shiga ya zauna a bencin bakin ƙofa. Mutum biyu ya tarar a kai, wani saurayi da ya yi wa budurwarsa ciki, da Mariyamu mai burkutu, wadda ta daɗe a wurin har ta san inda ƙusa take kama zane. Kawuna suka riƙa juyowa daga gaba ɗaya bayan ɗaya. Ya bi kowa da kallo har mai kallon ya gaji ya juya. Da aka ɗauki waƙa, muryarsa ta fi ta kowa tashi, ko da yake ba a taɓa saninsa da iya waƙa ba.

Ana zama, Mariyamu ta matso ta rage murya.

"Baba, kai kuma me ya kawo ka cikinmu?"

Ya gyara hannun rigarsa a kafaɗa, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Mariyamu," in ji shi, "kin san abin da ake kira garkuwar jiki?"