Saraka

Gwaggo ba ta jin Turanci, Larabci ma sai na salla, amma tun da ta zo Riyad neman maganin gwiwa babu wanda ta kasa yi wa magana a benenmu na unguwar Malaz. Ita ta goyi mijina Abduljalil, don haka a gidan nan in ta ce a yi, yi ake. Duk Juma'a sai ta jiƙa shinkafa, ta daka da sukari a ɗan turmin da ta taho da shi tun daga Katsina, ta dunƙula gumba, ta zauna bakin ƙofa tana raba wa yaran bene. 'Ya'yan Sudan da na Masar da na Pakistan duk sun iya cewa sadaka da bakin Hausa.

Wata Juma'a na dawo daga sayayya na tarar da ita tana jimami.

"Ke Zahida, ashe baƙar matar nan ta gabanmu tana cikin wani hali ba ku sani ba? Ta zo nan hawaye shaɓe-shaɓe tana cewa sadaka, sadaka. Na haɗa mata tuwon jiya da zanena guda."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Bernita ce fa, Ba'amurkiya, babbar nas a wani asibiti, wadda mota ke zuwa ɗauka kullum. Ita aka miƙa wa ɗumame da tsohon zane! Ko mayafi ban cire ba na je na ƙwanƙwasa mata, ina ta shirya ban haƙuri da Turanci.

Ta buɗe da zanen Gwaggo a kafaɗa, idonta jajir, ga kwanon tuwo a kan tebur ta ci rabi. Ban gama ba da haƙuri ba ta ja ni ciki.

"Ba roƙo na je ba," in ji ta. "Kalmar na ji. Mu saraka muke cewa."

Ta ce ita 'yar jihar Jojiya ce, can bakin teku inda akwai tsibirai da fadamu. Kakannin kakanninta bayi ne da aka kwaso daga Afirka aka sa su noman shinkafa. Danginta 'yan coci ne kaf, amma mahaifiyarta takan ba su labarin wata kaka da ke dakan shinkafa da zuma bayan girbi, ta yi farin dunƙule, ta tara yara ta raba musu tana cewa amin, amin. Sunan abin saraka. Babu wanda ya san daga ina sunan ya fito, kuma da kakar ta rasu aka daina yi.

Yanzu mahaifiyar ta tsufa, mantuwa ta kama ta har ba ta gane 'ya'yanta. Ta daina cin abinci, sai rama take. Duk abin da aka kai mata sai ta ture ta ce, "Ina saraka?" 'Yan'uwan Bernita sun gwada kek, sun gwada shinkafa da madara, duk ta ƙi. Bernita ta karɓi hutu za ta tafi gida, tana tsoron jana'iza za ta tarar. Sai ga shi tana hawowa bene ta ga wata tsohuwa na raba farin dunƙule, yara na ihun sunan.

Ni dai tausayi ya kama ni. Da na fassara wa Gwaggo, ba ta ko ji kunyar tuwon ba.

"To ai ta ci," ta ce. "Kira min Bintar."

Tun daga ranar Bernita ta zama Binta. Da yamma in ta taso aiki sai ta shigo, Gwaggo ta ɗora ta kan turmi. Ta tambaya ko injin markaɗe zai yi, Gwaggo ta harare ta harara ɗaya da ba ta bukatar tafinta. Suka yi ta daka har haris, mai gadin benen, ya hawo yana cewa, "Halas, ya isa haka ya Hajja, na ƙasa suna ƙorafi!" Aka cika masa hannu da gumba ya sauka. Turmi kuwa Bernita ta ce akwai wani tsohon turmi a barandar gidansu can Jojiya, furanni aka shuka a ciki.

Ta tafi. Bayan 'yan kwanaki, mun idar da la'asar, sai ga kiranta ta bidiyo tana kuka. Ta wanke turmin, ta daka, ta dunƙula yadda aka koya mata. Mahaifiyarta ta kalli farantin, ta shafa, ta yi murmushi, amma da aka kai bakinta sai ta kau da kai.

Na gaya wa Gwaggo, zuciyata duk ta karye. Gwaggo ta fizge wayar ta kafa ta a hanci kamar kullum.

"Binta! Wa ya ce ki ba ta a baki? Ba cewa ta yi tana so ta ci ba, cewa ta yi ina sadaka. Mai sadaka ai ba ya fara ci. Ina yaran unguwa?"

Na fassara. Bernita ta kife wayar a kan wani abu, muka yi ta kallon silin. Muna jin ƙofa, muna jin ana kiraye-kiraye. Gwaggo ta ja carbinta, ni kuwa na manta da tukunya a wuta.

Da aka ɗaga wayar wata ƙanwar Bernita ce ke riƙe da ita. Baranda ce ta katako, ga manyan itatuwa a baya masu wani abu fari-fari yana reto a rassansu kamar gemu. Tsohuwar na kan kujera, ƙanƙanuwa, da farantin a cinya. Jikoki da yaran maƙwabta sun yi layi. Ɗaya bayan ɗaya take ɗauka tana sa wa kowa a tafin hannu, bakinta na motsi.

"Amin take cewa," in ji Gwaggo. Ta amsa mata daga Malaz, "Amin, 'yar'uwa."

Yara suka ƙare, saura dunƙule biyu. Tsohuwar ta ɗaga kai ta ga Bernita tsaye a gefe, mace mai furfura a goshi. Ta ɓata rai ta yi mata magana da faɗa-faɗa.

"Me ta ce?" Gwaggo ta zungure ni.

Na fassara mata. "Ta ce, Bernita, ke kullum sai kin makara. Kawo hannunki."

Bernita ta durƙusa ta haɗa tafuka biyu kamar yadda yaran suka yi. Uwar ta sa mata ɗaya. Sannan ta duba ta ga babu sauran yaro, ta ɗauki na ƙarshen ta gutsura.