Hannun Auta

Ƙanena Auta mai aski ne, kuma kafin ciwon nan ya same shi, idan ya yi wa mutum gyaran fuska sai ka rantse da rula ya ja layin. Da ya fara jin muryoyi yana kwana a tsaye, muka kai shi asibiti, ɓangaren masu taɓin hankali, inda ake duba mutum a sallame shi ya koma gida. Suka ɗora shi a kan allurar wata-wata. Muryoyin sun tafi, ba zan ci haƙƙin 'yan asibitin ba, amma sun tafi da hannunsa. Yatsu sai karkarwa, wuya ya sandare, yawu na dalala ta gefen baki. Ranar da ya yanki kunnen wani, mai shagon ya ce ya je ya huta, idan hannun bai dawo ba, zai bai wa wani kujerar.

Shi ya sa wannan karon na ture keken ɗinkina gefe na raka shi da kaina. Na ƙudurta sai an rage allurar nan ko an canza ta.

Wurin kuwa, Allah ya sawwaƙe. A can ƙuryar asibiti aka jefa shi, dab da inda ake ƙona shara, ga zarnin fitsari daga banɗakin da ƙofarsa ta ɓalle. Ɗakin likita babu likita a ciki, sai wani malamin asibiti, kuma uku-uku ake shiga, kowa na jin asirin kowa. Wata baiwar Allah a gefenmu tana kuka tana faɗin abin da ko uwarta ba ta taɓa faɗa wa ba, malamin kuwa yana sakace da murfin biro.

Da aka zo kanmu, ko kallon Auta bai yi ba. A can ba a tambayar mara lafiya, ɗan rakiya ake tambaya, kamar an kawo akuya.

"Yana barci?" ya ce da ni.

"Yana yi, Malam. Amma hannunsa..."

"Yana duka? Yana fita tsirara?"

"A'a. Hannunsa ne ke rawa. Aski ne sana'arsa, za a raba shi da ita."

"To, madalla, ya yi laushi. Ku shiga a yi masa allura."

Wai ya yi laushi, sai ka ce nama a tukunya. Ban san lokacin da na kamo hannun Auta na ɗora a kan teburin ba. Hannun ya yi ta kaɗawa har biron ya gangara ƙasa.

"Dubi nan, Malam! Wannan ne sauƙin? Ku a wurinku duk wanda ya yi shiru ya warke ke nan?"

Sai a lokacin ya ɗago kai, kuma ni ya ƙura wa ido.

"Baiwar Allah, tun yaushe kike wannan faɗa haka? Kina samun barci kuwa? Abin fa yana bin jini." Ya yafito wani ƙato da ke danne mutane idan za a yi musu allura. Ƙaton ya taso yana naɗe hannun riga.

Auta ya miƙe da ƙyar, ya shiga tsakanina da shi. Rabona da in ji ya haɗa magana mai tsawo har na manta.

"Yaya, yi shiru," ya ce, harshensa a daskare. "Kar su yi miki allurar. Ke ɗinki kike yi."

Ya ja ƙafa zuwa bayan wani labule mai dauɗa inda ake allurar, ba wanda ya tura shi. Na bi shi, na tarar yana ta kokawa da mazagin wandonsa, yatsun sun kasa kama ƙullin, mai allurar tana tsaye tana tsaki.

Ni na kwance masa.